Wa ke ciyar da gidan wanda aka kama? Fashin baƙi kan gudummawar fursunonin siyasa a Sudan

Ranar da jami'an tsaro suka ɗauke mutum a Sudan, ranar gidansa yake fara biyan tara, tun kafin wani alƙali ya ji sunansa. Kuɗin farko da ke fita na mota ne. Uwa ko mata ko ƙane za su bi ofis-ofis suna cigiya, daga wurin 'yan sandan unguwa zuwa ofishin mai gabatar da ƙara, daga nan zuwa tagar da hukumar tsaro ta ware don karɓar koke, a ce musu ba a san shi ba, su dawo jibi. Sai kuɗin abinci da magani idan an yarda a karɓa, sai na lauya, sai haya da makarantar yara, waɗanda ba sa jiran kowa. Ga shi wanda ke kawo cefanen shi ne a ɗaure. Wannan lissafi ne ya sa duk inda aka yi mulkin danniya sai an samu mutane suna zagayawa a asirce suna haɗa kuɗi, kuma sai an samu gwamnati tana farautarsu.

Sai an san yadda ake tsare mutane a ƙasar nan kafin a gane abin da ya sa gudummawar ke da wuya. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir na 30 ga Yuni 1989, aka ɓullo da wuraren da mutane suka laƙaba wa suna gidajen fatalwa. Gidaje ne na zama a cikin unguwannin Khartum, babu allo babu rajista, inda ake kai 'yan ƙwadago da likitoci da malaman jami'a a azabtar da su. A hannun waɗannan jami'ai Dakta Ali Fadl ya rasu a watan Afrilu na 1990, watanni kaɗan bayan yajin aikin likitoci. Wanda aka fitar daga can aka kai shi kurkukun Kobar da ke Khartum Bahri, danginsa har hamdala suke yi, don Kobar tana da ƙofa, tana da littafin sunaye, tana da ranar ziyara.

Daga baya aka ɗinka wa abin rigar doka. Dokar tsaro ta 2010 ta ba hukumar leƙen asiri ikon riƙe mutum har wata huɗu da rabi ba a kai shi gaban alƙali ba, ta kuma kare jami'anta daga tuhuma sai in shugabansu ya amince. Kusa da tashar motar Shandi a Bahri akwai ɗakunan da waɗanda suka kwana a ciki ke kira firji, saboda sanyin da ake sakar musu dare da rana. An rage wa hukumar ƙarfi bayan faɗuwar Bashir, amma wata biyu bayan juyin mulkin Janar Burhan na 25 ga Oktoba 2021, wata dokar ta-ɓaci ta mayar mata da ikon kama mutane.

Kwanakin farko su ne mafi haɗari, kuma su ne kwanakin da babu wanda ya san inda mutum yake. Malam Ahmad al-Khair, malamin makaranta a Khashm al-Girba ta jihar Kasala, an kama shi a ƙarshen Janairu 2019 lokacin zanga-zanga, bayan 'yan kwanaki aka miƙa gawarsa. Da farko aka ce guba ya ci a abinci. Binciken likitoci ya nuna duka ne da azaba. Abokan aikinsa malamai da lauyoyi da danginsa suka ƙi barin maganar ta kwanta, har ranar 30 ga Disamba 2019 wata kotu a Umdurman ta yanke wa jami'an tsaro 29 hukuncin kisa. Shari'ar da ta ɗauki watanni, da shaidun da ake ɗaukowa daga Kasala zuwa Umdurman, da jama'ar da ke cika harabar kotu duk zama, duka akwai waɗanda suka ɗauki ɗawainiyarsu. Ba a cika ba da labarinsu ba, amma ba don su ba da an rufe fayil ɗin a kan guba.

To, me kuɗin ke yi in an tara? Mutane da yawa suna zaton lauya ne ke cinye su. A Sudan lauyoyin da ke tsaya wa fursunonin siyasa galibi ba sa karɓar lada. An ga shari'o'in da gomman lauyoyi suka rubuta sunansu don kare mutum guda. Abin da ke cin kuɗi shi ne zaman yau da kullum. Akwai amud, jeren kwanonin nan da ake ɗora wa juna a kai wa majinyaci ko ɗaurarre, wanda sai an cika shi fiye da cikin mutum ɗaya, don babu mai cin abinci shi kaɗai a ɗakin da ke da mutum ashirin. Akwai maganin sukari da na hawan jini, da bargo, da sabulu. Akwai kuɗin beli da neman wanda zai tsaya. Sannan akwai nisa. Gwamnatocin Sudan sun daɗe da sanin amfanin nisa: a ɗauki ɗan Khartum a kai shi kurkukun Shala da ke Fashir, ko Bur Sudan, ta yadda ziyarar minti kaɗan za ta ci kuɗin motar kwana biyu da na masauki. Matar da ke da yara biyar ba za ta iya wannan kowane wata ba, kuma wanda ya tsara abin ya san haka.

Bayan duk wannan akwai aikin da aka rasa. A shekarun farko na Bashir an kori dubban ma'aikata daga aikin gwamnati da jirgin ƙasa da jami'o'i da soja da sunan maslahar jama'a. Da yawa cikin waɗanda aka tsare sun fito sun tarar babu albashi, babu mai ɗaukarsu aiki. Ɗan kasuwa kuwa ko manomi ba ya bukatar takardar kora. Wanda aka kama a Gadarif lokacin yankan riɗi, ya fito bayan wata uku, shekararsa ta riga ta tafi, bashin shaila, wanda manomi ke ci kafin girbi, yana jiransa.

Amma abin da ya fi talaucin ciwo shi ne yadda ƙafa ke ɗaukewa. Gidan da aka kama mutum kan siyasa yakan koma kamar gidan da agana ta shiga. Maƙwabcin da ke aiko da tuwo kullum sai ya fara gaisuwa daga bakin ƙofa. Abokan shayi su daina kira, don sun san ana sauraron wayar. Ba mugunta ce ke sa su ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Sai dai wannan keɓewar ita ce ainihin abin da ake so a cimma. Ana so duk mai tunanin buɗe baki ya dubi wancan gida ya ga yadda aka watse aka bar su. Saboda haka ni a ganina buhun dawa da aka kai wa irin wannan gida da rana tsaka, aka zauna aka sha shayi, ya fi ninkinsa da aka tura ta waya ba a je ba. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ke ciki yana samun labari. Waɗanda suka fito sukan ce abin da mai tuhuma ya fi maimaita musu shi ne an manta da su, yaransu na yunwa, su sa hannu su huta. Mutumin da ya tabbata ana ciyar da gidansa ba ya karyewa da wannan magana.

'Yan Sudan ba su koyi haɗa kuɗi daga wata ƙungiyar waje ba. Duk gidan rasuwa akwai kashf, takardar da ake rubuta sunan kowa da abin da ya bayar. Mata suna da sanduk, wanda mu muka sani da adashi. Akwai nafir, gayyar gina ɗaki ko girbin gona. Jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago, musamman na ma'aikatan jirgin ƙasa a Atbara, sun daɗe suna da al'adar riƙe iyalin wanda aka ɗaure har ya fito. Matasa suka ɗauki wannan gado suka kai shi intanet. Lokacin ambaliyar 2013 wata gayya da suka kira Nafir ta riga gwamnati isa unguwannin da ruwa ya ci. Matasan Shari'ul Hawadis, da suka fara da tsayuwa a bakin asibitin yara a Khartum suna nema wa marasa hali kuɗin magani ta Facebook, a 2015 sun gina ɗakin kula da yara masu tsananin jinya a Umdurman, suka ba wata mai sayar da shayi almakashi ta buɗe shi. Waɗannan ba aikin siyasa suka fito yi ba, amma a nan aka koyi yadda ake tara kuɗi daga dubban baƙi, a kashe, a kawo lissafi.

Da zanga-zanga ta ɓarke a Disamba 2018 kan tsadar burodi, wannan ƙwarewa ce ta koma wajen waɗanda ake kamawa. Kwamitocin gwagwarmaya na unguwanni suka riƙa rubuta sunan duk wanda aka ɗauke, da inda aka ɗauke shi, da kalar motar. Bayan kisan da aka yi wa masu zaman dirshan a gaban hedkwatar soja a Khartum ranar 3 ga Yuni 2019, aka kafa gayyar neman waɗanda suka ɓata. Bayan juyin mulkin 2021 kuwa sunan da kowa ya haddace shi ne Lauyoyin Gaggawa, masu bin ofisoshin 'yan sanda da daddare bayan kowace zanga-zanga suna ƙirga kawuna. Shari'ar Muhammad Adam, yaron nan da ake kira Tupac, wanda aka kama a Janairu 2022 yana ɗan shekara 17 aka zarge shi da kisan wani babban jami'in 'yan sanda, ta nuna abin da nacin jama'a ke iya yi. Sama da shekara guda mutane suna zuwa kotu, suna ɗaga hotonsa, lauyoyi suna bayyana azabar da aka yi masa.

Gwamnati ta fi kowa sanin darajar wannan aiki, shi ya sa take bin kuɗin. Dokar aikin sa-kai ta 2006 ta sa kowace ƙungiya ƙarƙashin hukumar agaji ta gwamnati, kuma kuɗin waje ba ya shigowa sai da yardarta. A Maris 2009, da kotun duniya ta ba da sammacin kama Bashir, aka kori ƙungiyoyin agaji na waje 13, aka rufe uku na gida, ciki har da cibiyar Amal mai jinyar waɗanda aka azabtar, da SUDO ta Dakta Mudawi Ibrahim Adam. Shi Mudawi an sake kama shi a Disamba 2016, aka tuhume shi da laifukan da hukuncinsu kisa ne, ba a sake shi ba sai Agusta 2017. A lura da waɗanda aka haɗa da shi: direbansa, da matar da ke riƙe masa lissafin kamfani. Mai riƙe littafin kuɗi shi ake fara nema, don a hannunsa sunayen suke.

Ba Sudan kaɗai ba ce. A Afirka ta Kudu, asusun da wani limamin coci a Landan, John Collins, ya kafa don kare waɗanda aka gurfanar a shari'ar cin amanar ƙasa ta 1956, gwamnatin wariyar launin fata ta haramta shi a 1966. Abin da suka yi bayan nan ya cancanci a tsaya a kansa. Sai suka nemi mutane na gari a ƙasashe daban-daban, kowa aka haɗa shi da iyali guda, yana rubuta musu wasiƙa da sunansa, yana saka kuɗi a ciki kamar kyauta daga aboki. Aka yi shekara da shekaru a haka, iyalan da yawa ba su ma san asalin inda kuɗin ke fitowa ba. A Belarus bayan zaɓen 2020, an ɗaure mutane don sun tura 'yan kuɗi kaɗan ga asusun taimakon waɗanda aka kama, a Janairu 2024 kuma aka kai samame gidajen iyalan fursunoni saboda sun karɓi kayan abinci. A Hong Kong an kama Kadinal Joseph Zen yana da shekara 90 a 2022, saboda asusun da ke biya wa masu zanga-zanga kuɗin lauya da asibiti.

Mu kuma Hausawan Sudan, babban kaso na kowace gudummawa daga ƙetaren Bahar Maliya yake zuwa. Babu unguwar Hausawa a Sudan da ba ta da ɗa ko 'ya a Makka ko Jidda ko Madina ko Riyad. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya toshe hanyoyin banki, sai mutane suka saba da ba ɗan kasuwa riyal a Jidda a karɓi fam a Umdurman. Sai dai wanda ke zaune a Saudiyya yana tafiya ne a kan siraɗi. Tara kuɗin taimako ba tare da izini ba laifi ne a can. Hanyar da hukuma ta buɗe ita ce irin su manhajojin Ihsan da Furijat, wadda ake biya wa waɗanda bashi ya kai kurkuku, kuma aikin alheri ne babu shakka, amma babu gurbin fursunan ra'ayi a ciki. Masu neman gyara da aka kama a Jidda a Fabrairu 2007 an haɗa musu da zargin tara kuɗi don ta'addanci, a 2011 aka yanke wa Dakta Sa'ud al-Hashimi shekara 30. Ƙungiyar da su Abdullahi al-Hamid suka kafa a 2009, mai taimaka wa iyalan tsararru shigar da ƙara, kotu ta rushe ta a Maris 2013, shi kuma ya rasu a tsare a 2020. Baƙo ma bai tsira ba. An kama 'yan Sudan uku a Disamba 2016 saboda goyon bayan yajin zama a gida da aka kira a Sudan, aka miƙa su ga hukumar tsaron Khartum a 2017. Haka aka yi wa Hisham Ali, mai sukar gwamnatin Bashir a intanet, a 2018.

Don haka ina roƙon 'yan'uwa a nan gida su daina jefa na can cikin haɗari. Kada a saka lambar ɗan'uwan da ke Makka cikin zauren WhatsApp mai ɗauke da sunan fursuna da kalaman zagin gwamnati. Da yawa cikin Hausawan Makka da Jidda takardar zamansu ma ba ta da ƙarfi, ƙaramin abu ya isa a kai su gidan jiran kora. Wanda ya aiko wa 'yar'uwarsa kuɗin cefane, a bar shi a matsayin kuɗin cefane. In ya yi shiru, kada a ce ya yi rowa.

Yanzu ga inda maganar ta fi damuna. Gudummawa suna take bi. Lokacin da aka kama jagoran 'yan adawa Faruƙ Abu Isa da lauya Dakta Amin Makki Madani a Disamba 2014 bayan sun sa hannu kan wata yarjejeniyar 'yan adawa a Adis Ababa, duniya ta ɗauka, jakadu suka yi magana, aka sake su a Afrilu 2015. Sun cancanci duk wannan da fiye. Amma a ɗakunan da suka kwana akwai ɗaliban Darfur da 'yan gudun hijira da leburori waɗanda ba su da jam'iyya, ba su da ɗan'uwa ɗan jarida, babu wanda ya zana hotonsu a bango. Irin waɗannan su ne ke daɗewa, su ne aka fi duka, don mai dukan ya san babu mai tambaya.

A wannan layi mutanenmu suke. Hausawa sun fi ƙarni a ƙasar nan. Wasu sun biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Nilu kusa da Sinnar, wasu hanyar hajji ce ta ajiye su. Da hannunsu aka tsinci audugar Jazira, aka noma dawar Gadarif, aka kama kifin Rusairis. Duk da haka har gobe ana tambayar ɗan Bahaushe takardar kakansa. Wannan ya koya wa iyayenmu wata dabara ta zama lafiya: mu ba ruwanmu da siyasa, mu noma muka sani da kasuwa da masallaci. Idan aka kama yaro, sai ka ji dattijo yana cewa, “Hajiya, a yi haƙuri a yi ta addu'a, kada a tona mana asiri.” Na fahimci inda wannan magana ta fito, kuma ba na raina masu faɗinta. Amma ba ta kare mu ba. A Yulin 2022 rikicin jihar Nilul Azraƙ, wanda ya taso kan neman a ba Hausawa sarautar gargajiya, ya ci rayuka sama da ɗari, a Oktoba kuma aka kashe wajen ɗari biyu a yankin Wad al-Mahi. A lokacin kowa ya ga abin da za mu iya. Daga Kasala zuwa Bur Sudan zuwa Khartum aka fito, aka tara hatsi da tufafi da kuɗi aka kai wa waɗanda suka gudo. Hannun da ya iya wannan ya iya riƙe gidan ɗaurarre. Abin da ya rage shi ne mu daina ɗaukar kamu a matsayin abin kunya da ake ɓoyewa. Alƙur'ani a Suratul Insan ya jera kamamme tare da miskini da maraya cikin waɗanda ake ciyarwa, bai ce a fara binciken laifinsa ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya sauya komai, ya kuma kawo maganar har ƙofar gidanmu. Kobar kanta ta watse a makonnin farko. Yau masu tsare mutane sun yi yawa: soja da hukumar leƙen asiri da mayaƙan da ke mara musu baya a gefe guda, dakarun RSF, waɗanda a nan ake ce wa Da'ama, a ɗaya gefen. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na Maris 2025 ya bayyana yadda ɓangarorin biyu suka tsare dubun-dubatar mutane a jihar Khartum, har da yara, da yadda yunwa da cuta suka kashe mutane a kurkukun Soba da ke hannun Da'ama. Fursunan siyasa na yau sau da yawa bai taɓa shiga jam'iyya ba. Mai tura baro ne da ya zauna a Madani bayan Da'ama sun shiga a Disamba 2023 don ba shi da kuɗin gudu, da soja suka dawo a Janairu 2025 aka ce ya haɗa kai da abokan gaba. Ko matashi ne da ke dafa abinci a takiyya, wurin ciyar da jama'a kyauta, wannan ɓangare ya ce ɗan leƙen asirin wancan ne. Ko baƙon fuska ne a garin da ya gudo, aka tare shi a shinge saboda kamanninsa ko lafazinsa. Sashe na 50 da na 51 na dokar laifuka ta 1991, waɗanda hukuncinsu ya kai kisa, su ake karanta wa irin waɗannan. Mazauna kanabi, bukkokin leburorin gona a Jazira, sun ɗanɗana wannan zargi fiye da kowa, kuma mun san su wa ke zaune a kanabi.

A yankunan Da'ama kuma abin ya koma ciniki. A kama mutum, a kira danginsa, a faɗi farashi, a ce a turo ta Bankak, manhajar nan ta Bankin Khartum da rayuwar ƙasar ta rataya a kanta. An ga haka sosai bayan faɗuwar Fashir a Oktoba 2025. A nan masu haɗa gudummawa suka rabu. Wasu na cewa duk fansar da aka biya tana sa a kama wani gobe, kuma gaskiya suka faɗa. Ni dai ba zan iya duban uwa in ce mata ta bar ɗanta don kada kasuwa ta yi ƙarfi ba. Abin da nake ganin ya wajaba shi ne hankali. Kada a buga adadin da aka tara a Facebook, don masu garkuwar ma suna karantawa, farashi kuma yana tashi. Kada a tura ko sisi sai an ji muryarsa, an yi masa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta. 'Yan damfara sun cika fili, suna bin sanarwar cigiya suna kiran dangi da cewa mutumin yana hannunsu. Gidaje nawa ne suka sayar da gona suka biya wanda bai taɓa ganin ɗansu ba.

Amana ita ce ƙashin bayan abin duka, kuma a nan akwai kulli mai wuyar kwancewa. Mai bayarwa yana son lissafi, yana da gaskiya. Amma kashf irin na gidan rasuwa, mai suna da adadi, in ya faɗa hannun jami'i a shinge ya zama jerin waɗanda za a kama. Waɗanda suka daɗe a wannan aiki sun gano matsakaiciyar hanya. Kuɗi ba ya zama a hannun mutum ɗaya, ba ya kuma kwana da yawa, balle yanzu da fam ke narkewa: dalar da ake saya wajen fam 600 kafin yaƙi ta haura 2,000 a 2025. Mutum biyu ko uku da unguwa ta yarda da su ne ke ganin abin da ya shigo da abin da ya fita, su shaida wa jama'a jimla ba sunaye ba. In da hali a biya mai gida haya kai tsaye, a biya mai shago, a sayi magani. Sannan iyali ne ke da ta cewa kan bayyana sunan ɗansu. Wani lokaci surutu ne ke ceton rai, wani lokaci dattijon da zai je a asirce ya tsaya masa shi ne mafita, kuma matar da za a ƙwanƙwasa wa ƙofa da dare ita ta fi cancanta ta zaɓa. Masu neman suna da hoton yaran fursuna su ji tsoron Allah.

Akwai kuma jarrabawar da yawancinmu ke faɗuwa: fursunan da ba ma so. Bayan 2019 manyan gwamnatin Bashir suka shiga Kobar, wasunsu suka daɗe ba a kammala musu shari'a ba. Ibrahim Ghandur, tsohon ministan harkokin waje, ya kusa shekara biyu a tsare kafin kotu ta sallame shi a Afrilu 2022. A farkon 2022 ɗin kuma 'yan kwamitin da ke ƙwato dukiya daga hannun mutanen Bashir, irin su Wajdi Salih, su ne a ɗaure. Mai jini a hannu a yi masa shari'a a fili, wannan haƙƙin waɗanda aka kashe ne. Amma tsarewa ba shari'a zalunci ne ko a kan wa ta faɗa, kuma 'ya'yansa ba su kama kowa ba. Asusun unguwa da zai tambayi wane ɓangare mutum yake kafin ya kai hatsi gidansa, ba zai daɗe ba zai zama reshen yaƙin.

Ana kuma yawan tsayawa ranar da mutum ya fito. A yanka rago, a yi guɗa, a watse. Shi kuwa ya dawo da ciwon ƙoda ko tarin fuka, ba ya iya barci, jarinsa ya ƙare, wasu ma kunyar abin da aka yi musu ba ta barinsu su faɗa wa ko matansu. Ya kamata a ware wani abu tun farko don wannan lokaci: kuɗin asibiti, ɗan jari, da mutum guda da zai riƙa zuwa yana zama da shi.

Muna da waɗanda za su iya ɗaukar wannan nauyi ba tare da an kafa sabuwar ƙungiya ba. Kwamitin masallaci yana nan, sarakunan Hausawa da umdodi, wato dagatai, suna nan, kuma hukuma ta saba ganinsu suna zuwa tsaya wa mutum. Matan adashi sun fi kowa sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Mataki na farko ma ba ya cin kuɗi. Lauyoyin Gaggawa suna rubuta sunayen waɗanda aka tsare, kwamitin Red Cross na duniya yana karɓar cigiyar wanda ya ɓata kyauta. Abin da suke bukata shi ne cikakken suna har na kakan uba, da ranar da aka ɗauke shi, da wurin, da waɗanda suka ɗauke shi in an sani, da lambar wanda za a kira. Gidajenmu da yawa a Sinnar da Jazira da Gadarif har yanzu ba su kai sunan nasu ba.